Shafin Manoma: Kada Mu Ƙone Kututture

'Yan'uwa cikin Almasihu, lokacin sharar gona ya zo. Kafin mu ɗauki gatari da ashana, bari mu yi shawara.

Dukanmu mun ga damina ta sake hali. Ruwa ya kan makara, in ya zo ya sauko da ƙarfi ya kwashe ƙasa, sa'an nan ya ɗauke sa'ad da gero ke bununi. Masana sun ce duniya ce ke ƙara zafi. Ba mu da iko bisa gajimare, amma gonar da Ubangiji ya ba mu amana tana hannunmu.

Mu dubi abin da ya faru a ƙasar Maraɗi. Bayan farin 1973 an dasa itatuwa da yawa a can, galibinsu suka mutu. A 1983 wani ma'aikacin mishan na SIM, Tony Rinaudo, ya lura cewa 'yan tsirran da manoma ke sarewa kowace shekara tohon itatuwan da aka sare ne, saiwoyinsu kuwa suna da rai. Da yunwar 1984 ta zo, manoma suka yarda su gwada barinsu. An kiyasta itatuwa miliyan 200 sun tashi ta haka a gonakin Nijar. Da tsohuwar zuma a ke magani.

Ga yadda a ke yi. In kun iske kututturen gawo, kalgo, sabara ko magarya, ku zaɓi toho uku zuwa biyar mafi ƙarfi, ku yanke sauran da kaifin wuƙa, ku rage rassan ƙasa. Ku ɗaura tsumma domin kowa ya san da mai shi.

Wani zai ce inuwa za ta kashe hatsi. To, gawo ya kan zubar da ganyensa da damina, ganyen ya zama taki, 'ya'yansa kuma abincin awaki ne da rani. Itatuwa su kan tare iskar da ke binne shuka, su hutar da matanmu tafiya mai nisa neman itacen wuta.

Sai dai aikin ba na mutum ɗaya ba ne. Dattawan ikilisiya su zauna da mai gari da maƙwabta da makiyaya, a yi alkawari kada wani ya sare na wani.

A sujadar iyali ta wannan mako, mu karanta Ayuba 14:7-9, sa'an nan mu kai yara gona su ƙirga kututturai.