RA'AYINMU: Likitan Dabbobi Ba Ragowar Likitan Mutane Ba Ne

Kowace shekara idan sababbin ɗalibai suka iso, mukan ga wasu 'yan'uwanmu sun nufi sashen likitancin dabbobi fuska a murtuke, kamar masu zuwa zaman makoki. In ka tambayi ɗayansu, sai ya ce maka shi likitancin mutane ya nema, makinsa bai kai ba, aka turo shi nan. Shekarar farko takan ƙare masa wajen bin ofis-ofis yana neman canji. A halin nan kuwa, ga wani yaro can da ya tashi cikin garke, yana son wannan karatu da zuciya ɗaya, amma babu wanda ya taɓa nuna masa ƙofar shigarsa.

Mu dai a ganinmu, wannan raini ya samo asali ne daga rashin sanin tarihi. Ciwon bushiya ne ya sa aka kafa cibiyar binciken cututtukan dabbobi a Vom a 1924. Da ciwon ya sake ɓarkewa a 1983, makiyaya da yawa sun wayi gari da sanda kawai a hannu. Allura da sintirin ma'aikatan dabbobi ne suka kai ga shelar kawar da shi daga duniya a 2011. Haka kuma da murar tsuntsaye ta ɓulla a Jihar Kaduna a 2006, su aka kira. Naman da muke ci ma, likitan dabbobi ne ke da alhakin duba shi a mayanka, don kada tarin fuka ya biyo shi har cikin tukunyarmu.

Saboda haka wanda ya ƙudura niyya, ya sa wannan karatu a zaɓinsa na farko tun wajen cika takardar JAMB. Turanci, Fizik, Kemistiri da Bayoloji za a jarraba shi, kuma sai ya ci su da kyau tare da Lissafi a jarrabawar gama sakandare. Karatun na shekara 6 ne, ba wasa. Kafin ya zaɓi jami'a, ya tabbata Hukumar Likitocin Dabbobi ta Nijeriya ta amince da sashen, domin ita ke rajistar likita, in babu rajista kuwa digiri ya zama ado. Sa'an nan ya je ya gani da idonsa. Akwai asibitin koyarwa? Dabbobi na zuwa? Zariya ta daɗe a wannan fage tun shekarun 1960, ga kuma Sakkwato da Maiduguri, kowacce a tsakiyar ƙasar kiwo take.

Wata shawara da ba a rubuta ta a takardar kowace jami'a: ya yi hutu guda a asibitin dabbobi ko a kara. Wanda warin kashin shanu ya kora cikin mako ɗaya, gara ya sani tun yanzu.

Ga ƙananan ma'aikata masu difloma a kan lafiyar dabbobi, wasu jami'o'i na karɓarsu kai tsaye zuwa aji na biyu. Muna kira ga gwamnatocin jihohi su riƙa ba su hutun ƙaro ilmi da albashinsu, su kuma ware guraben tallafi ga 'ya'yan makiyaya, waɗanda sun san saniya mai sammore tun daga nesa, kuma za su yarda su koma ruga da aiki bayan sun gama.