Waiwaye: Bayajidda a Hannun Turawan Mulki

Daga Sandamu har Zango, ba yaron da bai san labarin ba: baƙo ya taso daga Bagadaza, ya kashe macijiyar Kusugu, ya auri Daurama, zuriyarsa ta kafa Hausa Bakwai. Da Turawan mulki suka ji, sai suka ce ai ga shaida.

A wancan zamani masanan Ingila da dama sun riga sun yanke cewa baƙar fata ba ya iya kafa daula. Duk inda suka ga ganuwa da fada, wai wasu masu hasken fata ne suka kawo daga gabas. Haka C.G. Seligman ya koyar a littafinsa na 1930 kan jinsunan Afirka. H.R. Palmer, wanda ya yi aikin Razdan a Katsina, ya tattara tarihohin ƙasar Hausa da Barno ya buga a 1928. Tattarawar kam a yaba masa, har gobe ana amfana. Inda ya kauce shi ne sharhi: da suna ya yi kama da suna, sai ya ƙulla mana zumunta da gabas. Amsar tana aljihunsa tun bai yi tambaya ba.

A 1970 Abdullahi Smith na Jami'ar Ahmadu Bello, shi ma fa haifaffen Ingila ne, ya sake bin sawun maganar, ya nuna cewa sarauta a nan ta tsiro, daga ƙauye zuwa gari zuwa birni. Kuma ai labarin da kansa ya ce baƙon ya tarar da sarauniya a kan gado, maƙeran Gaya ne ma suka ƙera masa wuƙa.

Bincike kan jini da gado ba laifi ba ne, muddin mai yin sa ya yarda hujja ta ƙaryata shi. A 1954 Anthony Allison ya gano cewa mai ɗauke da rabin sikila yana samun kariya daga zazzaɓin cizon sauro. Shi ya sa ake ganinta a Indiya da Saudiyya da Girka: sauro take bi, ba launin fata ba.

Mu ma da namu laifin. Har yanzu muna karanta wa yara cewa Nufawa da Yarbawa da Gwarawa jikokin kuyangar Bayajidda ne, Banza Bakwai, har da Kwararrafa, wadda rundunarta ta sha girgiza Kano a ƙarni na 17.