Lauya ɗaya, iyayengiji biyu

A ƙasar Ingila akwai wani muƙami da ake kira Antoni Janar, wato babban lauyan gwamnati. Faraminista ne ke zaɓen sa, kuma bisa al'ada ɗan majalisa ne. Shi ke gaya wa gwamnati abin da doka ta yarda da shi da abin da ta hana, shi ne kuma ke tsayawa gaban ƴan majalisa yana amsa tambayoyinsu. To, a nan gizo ke saƙa, domin al'adar ƙasar ta ce shawarar da ya bai wa gwamnati asiri ce tsakanin lauya da mai shi.

A shekarar 2003 wannan al'ada ta sha gwaji. Faraminista Tony Blair yana shirin raka Amurka yaƙin Iraƙi, hafsoshin soja kuwa suna son a tabbatar musu cewa yaƙin bai saɓa wa doka ba. Ranar 7 ga Maris, Antoni Janar Peter Goldsmith ya miƙa wa Blair takarda mai shafi 13, inda ya nuna cewa hanya mafi aminci ita ce a nemo sabon ƙuduri daga Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya. Ba a nuna wa ƴan majalisa wannan takarda ba. Kwana goma bayan haka, ranar 17 ga wata, ya ba da gajeriyar amsa a rubuce, wadda ta ce ƙudurorin da aka riga aka zartar, na 678 da 687 da 1441, sun wadatar. Babu ko ɗigon shakka a cikinta. Washegari aka jefa ƙuri'a: 412 suka amince da yaƙi, 149 suka ƙi.

Abin lura, Goldsmith ɗan Majalisar Dattawa ne, saboda haka ba ya da damar tsayawa a zauren zaɓaɓɓun wakilai su yi masa tambaya ido da ido. Sai a watan Afrilu na 2005, ana dab da zaɓe, bayan wani sashe na takardar farko ya faɗa hannun ƴan jarida, gwamnati ta buga ta duka. A lokacin bakin alƙalami ya riga ya bushe.

Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. A 2018, da gwamnatin Theresa May ta ƙi fito da shawarar Geoffrey Cox kan yarjejeniyar fita daga Tarayyar Turai, Cox ya zo zauren da kansa ya yi dogon bayani, amma wakilai suka ce takardar suke so. Ranar 4 ga Disamba, da ƙuri'a 311 a kan 293, suka yanke cewa ministoci sun raina majalisa. Kwana ɗaya tak aka yi, takarda ta fito.