Fiɗar zuciyar jarirai: makonni uku ne ke raba rai da ajali

A cikin jarirai ɗari da ake haihuwa, kusan ɗaya yakan zo duniya da aibi a zuciya. Daga cikin masu wuyar gani akwai wanda manyan jijiyoyin jini biyu suke musayar wuri: wadda ya kamata ta kai jini huhu sai ta nufi jiki, ta jiki kuma ta nufi huhu. Jinin da bai sha iska ba sai ya riƙa kewaya jiki, leɓɓan jariri da harshensa su yi shuɗi. In ba a yi masa aiki ba, tara cikin goma ba su cika shekara.

A shekarar 1966 likita Rashkind na Amurka ya samo dabarar buɗe ƙofa tsakanin ɗakunan sama na zuciya, domin jinin ya gauraya, jariri ya samu jinkiri. A shekarar 1975 kuma likita Jatene na Birazil ya yanke jijiyoyin biyu, ya mai da kowace mazauninta. Yau a manyan asibitoci, fiye da tara cikin goma na jariran da aka yi wa wannan fiɗa suna rayuwa.

Amma aikin yana da wa'adi. An fi son a yi shi cikin makonni biyu ko uku na farko, don bayan haka ɗakin hagu na zuciya yakan yi rauni, ya kasa tura jini cikin jiki. Nan ne matsalar ƙasashenmu take. Kafin a gane ciwon, a haɗa takardu, a samu jirgi zuwa Faransa, wa'adin ya wuce. Saboda haka kai marasa lafiya waje bai isa ba. Cibiyoyin fiɗar zuciyar yara da aka buɗe a Dakar a 2017 da Bamako a 2018, tare da taimakon ƙungiyar La Chaîne de l'Espoir, sun nuna hanyar da ta dace: a kawo aikin kusa, a horar da likitoci ƴan ƙasa.

Matakin farko kuwa yana hannun ungozoma. Wata ƴar na'ura da ake maƙala wa jariri a ƙafa tana auna iskar da ke cikin jininsa, ya kamata mahukunta su wadata gidajen haihuwa da ita. Iyaye kuma, in jariri yana haki, yana kasa shan nono, ko leɓɓansa sun sauya launi, kada a jira ranar suna. A kai shi likita a ranar.