Idan Waya Ta Daskare Ana Tsakiyar Biyan Kuɗi

Daga Mindif zuwa Marwa da Garwa, har kasuwannin bakin iyaka irin su Kuseri da Amchide, cinikinmu da yawa ya koma cikin waya. An yi cinikin sa, an sallama, mai saye ya danna Orange Money ko MTN MoMo, sai wayar ta tsaya cak. Kuɗin sun tafi ko ba su tafi ba? Nan rigima ke farawa.

Abin da ya kamata mu gane shi ne daskarewa iri biyu ce. Akwai wadda manhaja ɗaya ce kawai ta maƙale, galibi tana jiran amsa daga kamfani. Wayar Android kan lura da wannan da kanta: idan aka taɓa manhaja ta yi daƙiƙa 5 ba ta amsa ba, sai ta tambaye mu, a jira ko a rufe. Akwai kuma babbar, wato idan zuciyar tsarin da ke tafiyar da na'urar baki ɗaya ta ƙage, har agogo ya daina motsi. Saboda irin wannan ne masu ƙira ke sa wani mai gadi a ciki, wanda idan ya daina jin motsin tsarin sai ya kashe na'urar ya sake kunna ta. In bai yi ba, mu ne za mu danne maɓallin kunnawa har ta farfaɗo.

Kada mu ɗauka laifin wayarmu mai araha ne kaɗai. A ranar 19 ga Yulin 2024, kuskure guda a sabuntawar kamfanin CrowdStrike ya durƙusar da kwamfutocin Windows kimanin miliyan 8.5, jirage da bankuna suka tsaya. Masu hulɗa da Mubi kuwa ba su manta da farkon 2023 ba, lokacin canjin Naira, da tura kuɗi ya riƙa maƙalewa.

A ganinmu, asarar ba a daskarewar take ba, tana cikin gaggawarmu. Sake kunna waya ba ya dawo da kuɗin da suka riga suka fita, domin lissafin yana can wurin kamfani. Wanda ya sake turawa yana iya biya sau biyu, wanda ya saki kaya don an nuna masa fuskar waya kuma yana iya tashi a tutar babu. Kafin a kwance sa daga turke, mai sayarwa ya duba asusunsa da hannunsa, #150# ga Orange, *126# ga MTN.