Labari Kafin Harsashi

Duk ɗan Arewa da ke zaune a Agege, ko Idi Araba, ko Sabon Ibadan, wanda yake da dangi a ƙasar Kontagora, ya san irin faɗuwar gaban da mutum kan yi idan wayar gida ta shigo da tsakar dare. Garin Bobi yana cikin Ƙaramar Hukumar Mariga, kuma a nan ne babbar makiyayar nan take wadda faɗinta ya zarce hekta 30,000. Gwamnatin Jihar Neja ta so ta mai da ita gidan shanu da madara, amma 'yan bindiga sun hana makiyayi da manomi sakat. Ƙasar Mariga ta yi iyaka da Zamfara, ga dazuzzukan Birnin Gwari kusa, saboda haka ɓarayin kan ƙetare daga wannan jiha zuwa waccan a bisa babura cikin dare ɗaya.

Ba ma shakkar jarumtakar sojojinmu. A watan Yuni na 2025 Hukumar Soja da kanta ta ce ta rasa soja 17 a wani gumurzu kusa da Bangi, hedkwatar Mariga. A watan Agusta na 2023 an yi wa soja kwanton ɓauna a hanyar Zungeru zuwa Tegina, sa'an nan jirgi mai saukar ungulu da ya kwaso gawawwaki da masu rauni ya faɗi a ƙasar Shiroro, aka rasa mutum 36 duka duka. Allah ya jiƙansu. Abin da muke tambaya shi ne, labarin da soja ɗaya ya samu yakan kai ga ɗan'uwansa kafin lokaci ya ƙure?

Aikin soja a dajin nan ba ya tsayawa wuri guda. Ƙungiyar da aka aika gadin kasuwa da safe, kafin azahar tana bin sawun shanun sata, da la'asar kuma tana neman jirgin da zai ɗauke mata wanda aka harba. Kowane juyi yana bukatar labari dabam, daga hannu dabam. Idan tsarin aika labari bai juya tare da aikin ba, sai mayaƙin sama ya tashi da taswirar jiya, na ƙasa kuwa ya jira umurni daga hedkwata mai nisa, alhali ɓarawo ya riga ya yi gaba.

Mun ga abin da hakan kan haifar. Ran 17 ga Janairu 2017 jirgin yaƙi ya jefa bom a sansanin 'yan gudun hijira na Rann a Jihar Borno, kuma binciken Hedkwatar Tsaro ya nuna ba a sa alamar sansanin a taswirar aiki ba. Ran 3 ga Disamba 2023 jirgi marar matuƙi na sojan ƙasa ya faɗa wa masu Maulidi a Tudun Biri ta Jihar Kaduna, hukumar agajin gaggawa ta ƙirga gawa 85. Mayaƙan sama suka ce ba su ba ne, sai daga baya sojan ƙasa suka amsa laifi. Da mai riƙe da jirgin yana da hanyar tambayar dagaci ko ofishin 'yan sanda mafi kusa, da wataƙila ba a yi wannan asara ba.

A shekarar 2024 an kafa rundunar Fansan Yamma domin a tattara yaƙin Arewa maso Yamma a hannu ɗaya. Wannan ya yi daidai, sai dai haɗa suna a takarda ba ya haɗa kunnuwa a daji. Muna kira ga Gwamnatin Tarayya da Hukumar Soja da su kafa ofishin labari guda a Kontagora, inda dama akwai barikin sojan igwa, a zaunar da sojan ƙasa da na sama da 'yan sanda da jami'an tsaron farin kaya a ɗaki ɗaya, da taswira ɗaya wadda za a riƙa gyarawa kullum, mai nuna rugage da kasuwanni da makarantu da wuraren taro. A kuma ba ƙaramin hafsan da ke fage ikon yin magana da maƙwabcinsa na Zamfara ko Kaduna kai tsaye.

Kazalika labari ya riƙa komawa ga talakawa. Da soja suka janye daga Allawa a watan Afrilu na 2024, mutanen garin sai suka kwashi 'ya'yansu suka bi bayansu. Wanda ake neman ya tsegunta wa hukuma motsin ɓarayi, ya cancanci a sanar da shugabanninsa kafin a bar shi ba tsaro, a kuma rufa masa asiri. Mun sani akwai masu kai wa ɓarayi rahoto, don haka ba kowane zance ne na kowa ba. A tantance wanda ya kamata ya ji, a gaya masa da wuri.

Mu ma da ke Kudu muna da namu aikin. Kada wanda ya ji soja sun bi hanya kaza ya watsa a WhatsApp ko Facebook, domin ɓarawo ma yana da waya. Sarakunan Hausawa da ƙungiyoyin fataken shanu na Legas da Ibadan su rubuta wa wakilanmu na Majalisar Tarayya, su nemi a tambayi shugabannin soja yadda labari ke tafiya daga Bobi zuwa Kontagora, da kuma minti nawa yakan ɗauka. Kuɗin fansar da muke tarawa muna aikawa gida ya isa haka nan. Allah ya ba mu zaman lafiya, amin.