Kafin Mutumin Abare Ya Sayi Ƙaramar Bindiga

Masu iya magana sun ce wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa sai ya kama. Wannan shi ne halin da mutanen Abare da sauran ƙauyukan Anka da Gummi da Bukkuyum suke ciki. A farkon watan Janairu na 2022 ɓarayin daji suka afka wa ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Gwamnati ta ce mutum 58 aka kashe, mutanen wurin kuwa suka ce abin ya kai wajen 200. Saboda haka in aka ji magidanci yana shawarar sayar da sa ko buhunan gero don ya mallaki ƙaramar bindiga mai ɗura kanta, bai kamata a yi masa dariya ba. Abin da ya dace shi ne a taya shi auna ribar abin da hasararsa.

Ribarta ba ta ɓuya. Ba ta da nauyi, tana shiga aljihun 'yar ciki, kuma duk sa'ad da aka ja kunamarta sai ta fitar da harsashi guda ta ɗura wani da kanta. Irin wadda ake kira Glock 17 tana cin harsashi 17, alhali bindigar toka sai an tsaya an ɗura ta bayan kowane bugu.

To amma mai karatu ya dubi ɗaya gefen. Na farko, doka. Dokar Makamai ta 1959 ta sa fistol da libarba cikin haramtattun makamai, waɗanda Shugaban Ƙasa kaɗai ke ba da lasinsu, kuma wanda aka kama da su ba izini ɗaurin shekara 10 ne mafi ƙaranci. Gaskiya ne a watan Yuni na 2022 gwamnatin Bello Matawalle ta ce jama'a su nemi bindiga su kare kansu, har ta yi alkawarin raba takardun neman izini 500 ga kowace masarauta. Sai dai Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya fito ya ce gwamna ba shi da wannan iko. Wanda ya saya a ɓoye ke nan ya ƙara wa kansa abin tsoro: ga ɓarawo a daji, ga hukuma a hanya.

Na biyu, ƙarfinta. Ƙaramar bindiga ba ta cika yin tasiri ba in an wuce mita 50, ita kuwa AK-47 da maharan ke riƙewa tana cin harsashi 30, tana kuma kai wa mita 300. Su kuma ba ɗai-ɗai suke zuwa ba, ayari suke yi a kan babura. Mutum guda da fistol a gabansu, ashe kiran ajali ne, don an san sukan huce haushinsu a kan dukan garin da aka yi musu turjiya.

Na uku, cikin gida. Abare na daga cikin garuruwan da gubar dalma ta yi wa ɓarna a 2010, lokacin da ake niƙa duwatsun zinariya a tsakar gida, har yara fiye da 400 suka mutu a jihar. Darasin a bayyane yake: abin da uba ya shigo da shi don amfanin iyali, shi ne ya hallaka 'ya'yansa. Harsashi ma da dalma ake yinsa, kuma irin wannan bindiga takan riƙe guda a bakinta ko an cire gidan harsashin. Yaro mai ƙiriniya ko saurayi mai zafin zuciya ya ishe ta aiki.

A ganina hasarar ta rinjayi ribar. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, tsaron gari kuwa jinka ne. Kuɗin bindigar ya fi amfani in an haɗa shi wajen gyaran ganuwa da sayen wayar sanar da maƙwabta. Askarawan Zamfara da Gwamna Dauda Lawal ya ƙaddamar a Janairu na 2024 su ya kamata a matsa wa hukuma ta horar, ta biya, ta kuma hukunta duk wanda ya wuce gona da iri, don kada a maimaita kisan gillar da wasu 'yan sa-kai suka yi a kasuwanni, wanda ya ƙara rura wutar.

Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.